Yayan Matata da Tanti Lamba Huɗu

Yayan matata ya shekara ashirin da shida yana riƙe da makullin siton kamfaninmu, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa kwana cikin tanti ba ko sau ɗaya. Hakan bai hana shi zama wanda ya fi kowa sanin tanti a kamfanin ba. Shi ya gaya mana haka, kuma tun da makullin na hannunsa, ba wanda ya yi musu.

Aikinmu haƙa rijiyar burtsatse. Ni ke zuwa da na'ura in auna ƙasa in nuna inda ruwa yake, masu inji su biyo baya su haƙa. Yawancin wuraren da ake kiranmu babu masauki, babu ma gidan da za a ara mana ɗaki, don haka mukan yi kwana uku, wani lokaci mako biyu, a fili. Duk abin da mutum zai kwanta a kai, ko a ciki, ko a ƙarƙashi, daga sito yake fitowa. Daga hannun Yaya ke nan.

A ofis Mai Sito ake ce masa. Ni ba ni da wannan 'yancin. Ƙanwarsa nake aure, shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, shi ya kai ta makaranta. Saboda haka kowace safiya sai na ɗan rusuna na ce, "Yaya, an tashi lafiya? Ya iyali?" shi kuma ya amsa mini da hanci.

Siton wani dogon ɗaki ne a bayan ofis, jikin ɗakin janareta, rufin kwano ba silin. Taga ɗaya gare shi, can sama, ita ma an toshe ta da kwali. An raba ƙofarsa biyu: ta sama ake buɗewa, ta ƙasa kullum a garƙame take, da katako a kanta inda mutum zai dafa gwiwar hannu ya yi roƙo. Iyakarka nan. Daga nan za ka hango tantuna goma sha biyu a jakunkunansu, kowace jaka da lamba da farin fenti, da katifun soso a nannaɗe an ɗaure su da robar taya, da barguna, da jakunkunan barci, da gidajen sauro, da tsohon bokitin fenti cike da turaku. A kantar ajiye kaya ta can ƙololuwa, dab da kwano, inda sai an taka kujera, akwai manyan kwalaye biyu da ba a taɓa yanke salatif ɗinsu ba. Sababbin tantuna ne da aka sayo shekara tara da suka wuce. Duk ranar Litinin Yaya yakan hau kujera ya kaɗe musu ƙura.

Makullin kuwa a igiyar takalmi yake, rataye a wuyansa ta cikin riga. Matata ta ce da shi yake wanka.

Yaya ba ya ba da tanti haka kawai. Sai ya yi maka tambayoyi kamar likita. Kwana nawa? Kai kaɗai ne ko da wani? Kana minshari? Kana juyi cikin barci? Ƙasar wurin yashi ce ko tsakuwa? Ya ɗauko tef ya auna tsawonka, ko da ya auna ka watan jiya. Ya gaya maka cewa tantin da aka rubuta na mutum biyu, na mutum ɗaya ne da takalmansa. Ya gaya maka kada ka kafa a kwari, kada ka juya ƙofa wajen da iska ke fitowa. Duk gaskiya ne, a bakinmu ya tsince su. In ya gama, sai ya miƙo maka tantin da ya riga ya zaɓa maka tun sa'ad da ya hango ka kana tahowa.

Masu iya gaisuwa su ke samun Lamba Ɗaya da Lamba Biyu. Daga nan abin yakan yi ta sauka gwargwadon laifin mutum. Direbanmu ya taɓa ajiye mota a inuwar da Yaya ke jingine kekensa. Shekara biyu yana kwana kan katifar da ɓera ya cinye tsakiyarta, har ya haƙura ya koma kwana a gaban mota.

Nawa laifin ya fi wannan girma. Shekara goma sha ɗaya ke nan, a fitata ta farko, aka ba ni Lamba Huɗu. Aka yi ruwa. Na kwana zaune kan jakata, riƙe da na'urar kamfani a ƙirji kamar jinjiri. Da muka dawo na ajiye tantin a kan katakon ƙofa, mutane biyar na tsaye a bayana, na ce, "Yaya, tantin nan yana yoyo."

Ya cire tabarau a hankali ya ninke.

"Tantin ba ya yoyo," in ji shi. "Kai ne ba ka iya kafa shi ba."

"Ta ɗinkin sama ruwan ke shiga, Yaya."

"Da digirin naka? An ce ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ma kana gani. Na sama ne ya gagare ka?"

Na baya suka yi dariya, don su ma gobe za su zo roƙo.

"Za ka ci gaba da ɗaukarsa," ya ce, "har ka koya."

Bai karya alkawari ba. Wannan kam ba zan ɗauke masa ba, Yaya mutum ne mai cika alkawari.

Lamba Huɗu kore ne a da. Zif ɗinsa ba ya kai ƙasa, sandarsa ɗaya a lanƙwashe take, shimfiɗar ƙasansa ta huje a wuri uku, turakunsa bakwai maimakon goma. A jikin ƙofar sito kuma akwai doka da Yaya ya rubuta da hannunsa, tsohon manajanmu, wanda ke sa hannu a kan duk takardar da ta tsaya cik a gabansa, ya sa mata hannu: an hana gyara ko sauya kayan kamfani, wanda ya taɓa su da allura ko almakashi, a bakin aikinsa.

Na karya dokar tun a shekara ta biyu. In mun dawo daga fili sai in ce tantin a jiƙe yake, zan kai gida ya sha iska. Matata tana da keken ɗinki. Facin farko daga tsohon tamfol na mota muka yanko shi. Na biyu daga rigar ruwan 'yarmu, mai ruwan ɗorawa da hoton agwagwa. Zif muka cire daga jakar tafiya. Ɗinkin saman na fara goga masa kyandir, daga baya na samo gam na gaske na bi shi layi-layi, ciki da waje. Sandar na miƙe ta na zura mata guntun bututu. Turaku na kai rodi wurin mai walda ya yanka mini goma sha biyu. Ita ke ɗinki tana faɗa, ni ke riƙe mata yadin ina shiru.

Yaya ya ga facin, ba makaho ba ne. Agwagwa ce a saman tantin kamfani. Amma kafin ya yi maganar faci sai ya yarda akwai huda, wannan kuwa ba zai yiwu ba. Duk dawowa sai ya rubuta a littafinsa, "An dawo da shi yadda aka karɓa," ya juyo mini da littafin, in sa hannu. Haka muka yi ta yi wa juna shaidar zur shekara goma cikin mutunci.

Na taɓa tambayar matata ko haka yayan nata ya taso.

Ta ce yana da shekara goma sha huɗu aka saya masa takalmi sabo, na farko a rayuwarsa. Bai sa ba. Ya naɗe shi a jarida ya cusa ƙarƙashin gado, yana jiran ranar da ta cancanta. Duk mako sai ya fito da shi ya goge ya mayar. Ranar da ta cancanta ta zo bayan shekara biyu, ƙafar kuma ta ƙi shiga.

"Sai ya ba wani?" na ce.

"Yana nan a gidansa har yanzu."

Na san gidan. Kujerun falonsa suna cikin ledarsu, in ka zauna sai ka ji kana zamewa. Akwai rediyo a cikin kwali a saman kabad. Sukari a kulle yake, matarsa sai ta nemi izini. Shi kuma yana kwana kan katifa mai kauri kamar bango, da matasai uku, bai taɓa kwana a wani gado ba tun da ya yi aure. Ta ba ni labarin takalmin ne don in ji tausayinsa. Na ji, na kusan minti biyu.

A bana aka kawo mana sabuwar Darakta. Injiniya ce, ta yi shekaru a fili kafin a zaunar da ita a ofis, har yanzu takalmin aiki take sawa. A makonta na biyu ta ce duk mai ƙorafi ya kawo a rubuce. Na zauna na rubuta shafi huɗu. Shafi ɗaya a kan katifu da barguna da halin Mai Sito, shafi uku a kan Lamba Huɗu. Na ce yana zuba kamar rariya. Na ce wanda ya kwana cikinsa da wanda ya kwana a waje bambancinsu shi ne na waje yana ganin taurari. Na ji daɗin wannan layin ƙwarai. Mutum bakwai suka sa hannu a ƙasan nawa.

Gaskiyar magana, rabon Lamba Huɗu da ɗiga ko sau ɗaya shekara uku ke nan. Na siffanta shi ne yadda aka ba ni shi. Na yi lissafin cewa duk wanda ya dubi wannan tarin tsummokaran zai gaskata ni, kuma daraktoci ba sa kwana a tanti.

Ta kira mu ofishinta, ni da shi. Takardata na gabanta.

"Mai Sito, ka ji abin da aka rubuta."

"Na ji, ranki ya daɗe. Na kuma gane rubutun. Ni na biya wa matar mai rubutun kuɗin makaranta."

"Ba wannan na tambaya ba. Ranar Alhamis akwai aiki a fili, kwana ɗaya, ga damina ta kankama. Zan je. Kai ma za ka je. Kowa zai kwana da kayan sito. In abin da ke takardar nan gaskiya ne, ranar da muka dawo ka ajiye mini makulli a kan teburin nan."

Hannunsa ya tafi ƙirjinsa, daidai inda makullin yake. A shekara goma sha ɗaya wannan ne karon farko da na ga Yaya ya rasa amsa, kuma ba zan ɓoye ba, na ci abincin rana da daɗi.

Abincin dare ne ya zo da matsala. Matata ta dire mini kwano har miya ta fantsalo.

"Yayana za ka raba da makullinsa."

"Ba ni ba ne, Darakta ce."

"Darakta ce ta rubuta shafi huɗu a kan teburin ɗinkina? Baban yara, in aka ƙwace makullin nan, ka san inda zai riƙa yini? A falon nan. Ya zauna ya ƙirga mana cokula, ya kulle mana sukari." Ta juya za ta fita, ta dawo. "Kuma ka ji da kyau. In ka kuskura ka buɗe baki ka ce a gidan nan aka yi facin nan, ka kunyata shi a gaban mutane da hannuna, to ka nemi tanti mai kyau, don a ciki za ka tare."

Ranar Laraba aka yi zaɓen kaya. Darakta ta zo sito da kanta, kuma abin da ban taɓa gani ba ya faru: Yaya ya buɗe ƙofar ƙasa. Ƙarfen ƙofar ya yi ƙara kamar an taka kyanwa. Ni dai a wurina na tsaya, bakin katako.

"Ranki ya daɗe, kwana nawa?"

"Ɗaya. Na gaya maka."

"Ke kaɗai ce a ciki?"

"Ni kaɗai."

Ya buɗe baki zai tambayi minshari, ya tuna da makulli, ya rufe. Tef ɗin ma ya mayar aljihu.

Ta bi kantocin tana taɓawa. Ta zare jakar barci ɗaya ta shinshina ta mayar. Ta warware wani gidan sauro ta ɗaga shi wajen haske, ta zura yatsa uku ta wata huda, ta dube shi. Ya ce sauron wajen da za mu manya ne, ba za su shiga ta nan ba. Ta matsa katifar soso da babban yatsa ta ga ko za ta dawo.

"Waɗannan na ƙananan ma'aikata ne," in ji Yaya. "Naki yana sama."

Ya taka kujera ya sauko da kwalayen nan biyu, ɗaya bayan ɗaya, yana nishi. Direba ya miƙa hannu zai taya shi, ya buge hannun.

"Shekara tara nake ajiye su don rana irin wannan. Ɗaya naki, ɗaya nawa. Ɗaki biyu ne kowanne, da baranda, da taga mai raga. Mutum zai miƙe tsaye a ciki."

"An taɓa buɗe su?"

"Allah ya kiyaye. Sababbi ne fil. Ko iska ba ta taɓa su ba."

"A buɗe ɗaya a nan mu gani."

"Ranki ya daɗe, ninkin masana'anta ne. In aka warware ba mai iya mayar da shi. Ga ƙura a nan."

Ta ɗaga kai ta dubi kwanon rufin, wanda da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya riga ya fara gasa mu. Ta dubi bangon da janareta ke rawa a bayansa. Ta dube shi. Sannan ta ce, "To."

Wajen shimfiɗa ma bai gaza ba. Ya fito da katifar iska mai famfo, ita ma a kwalinta, da jakar barci mai kauri wadda aka yi don ƙasashen da ruwa ke daskarewa. Darakta ta ce ita soso da bargo ɗaya sun ishe ta, don sanyin fili ta ƙasa yake shiga mutum, kuma katifar iska takan kai mutum ƙasa kafin gari ya waye. Yaya ya yi murmushin da ake yi wa wanda bai san kaya ba, ya riƙe katifar iskar da jakar don kansa. Masu inji biyu, waɗanda suka sa hannu a takardata, ranar suka samu Lamba Ɗaya da sababbin barguna, har da tambayar lafiyar 'ya'yansu.

Ni ya turo mini Lamba Huɗu da ƙafa.

"Mai digiri, ga naka."

Mun isa filin da ƙarfe uku na rana. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa zuwa idon sawu, ba gida ko ɗaya sai wata bishiya can nesa. Hadari ya riga ya haɗo, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa mana riguna. Yaya ya sauko daga mota rungume da matasansa uku da ya taho da su daga gida.

Ya sa aka ajiye kwalin Darakta a tsakiya. Ya ciro reza ya yanke salatif a hankali, kamar mai buɗe sabon asibiti. Wani wari ya taso, irin na tsohuwar roba da ta ƙone. Ya zaro jakar, ya zuge, ya juye.

Abin da ya faɗo dunƙule ne guda, mai kusurwa huɗu, kamar bulo. Shekara tara ƙarƙashin kwano sun narkar da robar da aka shafe yadin da ita, kowane ninki ya manne da ɗan'uwansa. Yaya ya kama gefe ɗaya ya ja. Ya ƙi. Ya sa ƙafa ya taka ya ja da ƙarfi. Ninkin ya buɗe da ƙara kamar ana yage kwali, wani farin gari ya zubo, kuma ta inda ya buɗe muna iya hango takalminsa. Ya ɗauko sandunan. Robar da ke haɗa su ta ciki ta mutu tuntuni, suka zube a ciyawa guntu-guntu kamar itacen girki.

"Yallaɓai, wanne ne barandar?" in ji Direba.

Yaya ya buɗe kwali na biyu, wannan karon ba biki. Shi zif ɗin jakarsa ma ya ƙi motsi, sai da aka farke ta da reza. Bulo na biyu ya faɗo kusa da na farko.

Ɗigon farko ya sauka a kan kwalin. Na dubi wuyan Yaya, inda igiyar takalmin ta ɗan leƙo daga kwalar rigarsa, na ji kamar an riga an ajiye ta a tebur.

"Injiniya," in ji Darakta, "kawo rariyar taka in gani. A ciki zan kwana."

A nan ya kamata in yi hankali. Na san yadda ake kafa tanti ya yi yoyo, ba wuya: ka sassauta igiya biyu, ka bar saman ya yi kwari, ka juya ƙofa wajen iska. Har na fara tunanin igiyar da zan sassauta. Sai na ji muryar Yaya a bayana, yana tsaye kan gawar tantunansa, yana ce wa Darakta:

"Sai dai a taya shi, ranki ya daɗe. Shekara goma sha ɗaya ina koya masa, bai iya ba."

Minti shida na yi. Na zaɓi tudu, na share tsakuwa da gefen takalmi, na juya bayan tantin ga iska. Na buga turaku goma sha biyu a karkace, kowanne bugu uku. Na ja igiyoyi har yadin ya yi tauri, in ka ɗana masa yatsa sai ya yi ƙara kamar ganga. Na ɗauki shebur na zagaye shi da 'yar hanyar ruwa. Na shimfiɗa soson, na ɗora bargon, na zuge zif ɗin jakar tafiyar matata har ƙasa. Na miƙe na dubi Yaya ido cikin ido. Sai da na ga agwagwar tana sheƙi a sama, a miƙe, ba ko lanƙwasa, sannan na gane abin da na yi wa kaina.

Ruwan ya sauko da ƙarfe biyar, bai ɗauke ba sai asuba. Darakta na cikin Lamba Huɗu, masu inji na cikin Lamba Ɗaya. Mu ukun da muka rage muka cusa kanmu a gaban mota: Direba a kan sitiyari, Yaya a bakin taga da matasansa uku, ni a tsakiya, giyar motar tana sukar cinyata. Katifar iskar tana baya a cikin kwalinta, tana shan ruwa. Yaya bai tambayi kansa ba, amma yana minshari, kuma yana juyi.

Da safe Darakta ta zuge zif ta fito, riƙe da bargonta. Ta miƙa wa Direba ta ce ya taɓa. A bushe yake ƙayau. Ta zagaya tantin sau biyu, ta durƙusa ta bi ɗinkin da farce, ta tsaya a kan agwagwar.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Tsuntsaye na ta kuka a bishiyar can. Na tuna dokar da ke jikin ƙofar sito. Na tuna sa hannuna, shekara goma, ƙarƙashin "yadda aka karɓa". Na tuna fuskar matata a kan kwanon miya.

"Kulawar sito ce, ranki ya daɗe," in ji Yaya. Ko ƙifta ido bai yi ba. "Kaya in ana kula da su, ba sa ba da kunya. Ga shi kin kwana kin gani. Wannan shi ne tantin da aka rubuta shafi uku a kansa."

Ta juyo gare ni. "Injiniya, haka ne?"

"Haka ne," na ce wa takalmina.

"Waɗancan fa?" Ta nuna bulo biyun da ke kwance cikin taɓo.

"Shi ya sa shekara tara ban ba kowa su ba. Tun ranar da aka kawo su jikina bai ba ni ba. Na taho da su ne ki gani da idonki irin kayan da ake sayo mana, da irin abin da nake kare ma'aikata daga gare shi."

Direba ya shige bayan mota, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Darakta ta daɗe tana dubanmu, shi sannan ni, ni sannan shi. Ba na jin akwai abin da ya ɓoye mata. Amma takarda aka kawo mata, kuma takardar ta ce rariya.

"Ni abin da na kwana a ciki na sani," ta ce. "Mai Sito, riƙe makullinka. Waɗancan a zubar. Daga yau duk wata a fito da kowane tanti a kafa shi a tsakar ofis ya sha iska, ina kallo. Injiniya, in za ka sake rubuto mini, ka tsaya a shafi ɗaya, kuma ya zama wanda zan iya kwana a ciki."

A hanyar dawowa Yaya ya ciro makullin daga cikin riga ya bar shi a waje, yana lilo a ƙirjinsa duk ramin da muka faɗa.

Ranar Litinin aka tura ni wani aikin, kwana biyar. Na je sito na dafa katako na rusuna.

"Yaya, an tashi lafiya? Ya iyali?"

Ya amsa da hanci. Ya tambaye ni kwana nawa, ni kaɗai ne ko da wani, ina minshari. Ya ɗauko tef ya auna ni. Ina tsaye ina kallon kanta ta ƙololuwa. Lamba Huɗu na can, a cikin ɗaya daga cikin kwalayen nan, an manne bakinsa da sabon salatif.

"Wancan fa, Yaya?"

"Na manya ne yanzu. Darakta ta kwana a ciki."

Ya sunkuya ya ɗago wata jaka farkakkiya da aka ɗaure da robar taya. Fentin lambarta bai gama bushewa ba: goma sha uku. Ta ɓarakar na hango farin garin nan yana zubowa. Ashe bai zubar ba. Yaya ba ya zubar da kaya.

"Sabo ne fil," ya ce. "Sau ɗaya aka buɗe shi. Ɗaki biyu da baranda. Sai dai yana son wanda ya iya kafawa." Ya juyo mini da littafin. "Sa hannu."

Na kai shi gida na ajiye a tsakar falo. Matata ta zagaya shi, ta ɗaga gefe ɗaya da yatsa biyu, ta saki. Ta je ta yaye zanen da ke rufe da keken ɗinkinta.

"Ka sayo allura mai kauri da zare, da tamfol yadi goma," ta ce. "Kuma gobe in za ka gaishe shi, ka rusuna da kyau. Ya ce na yau bai kai ƙasa ba."